Taragan da Salman Ya Sa wa Tsatsa

Karaye, bayan ƙaramar Sallah.

Zuwa ga Kaka Sulle, a Gwangwan ta Rogo.

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga jikanka Salman, wanda ka riga auren Hajiya Adama don kawai ka riga shi zuwa duniya. Yaya ƙarfin jiki? Allah Ya sa kaffara ne, Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya sa ƙarfen shago ba ya taɓuwa da rana. Innata Mairama tana gaida ƙanen babanta, ta ce kuma in rubuta da ladabi. Na ce mata to.

Na kira ka a waya ka yi ta cewa "Waye? Waye?" har katina ya ƙare. Shi ya sa na koma wa alƙalami da tawada, tunda ajami dai idonka yana gani ko kunne ya ƙi. Kabir direba zai riƙa kawo maka, shi zai riƙa dawo mini da amsa.

Kaka, ranar da na zo duba ka ban ji daɗi ba. Na shigo da sallamata, na ce ina tsohon da ya tare mini gida, ka juya wa bango fuska. Da can da sanda za ka biyo ni har ƙofar zaure. Amaryata ta ce tun da aka sallamo ka daga asibiti ba ka taka ko tsakar gida ba, abokanka su zo ka ce a ce musu barci kake. Ta ce likita ya ce hannun daman nan da ya saki sai ana motsa shi zai dawo, kai kuwa ka ɗora shi a cinya kamar ajiyar wani.

Ni ba likita ba ne, ɗan walda ne. Amma ga abin da nake yi. Na gani a waya wasu tsofaffi na ƙasashen waje suna gina jirgin ƙasa ɗan mitsitsi a kan tebur, da tasharsa da gadarsa da itatuwa, kuma yana tafiya. Na ce ai ni ma ina da tsoho, nawa ma a reluwe ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Zariya. Na samo wani ƙyauren katako da aka yar a bayan shagonmu, na kwantar da shi a ɗakina. Layin dogon da wayar ƙafar keke nake yin sa, ina jera masa tsinken ashana a ƙarƙashi, in zuba tsakuwar da na tankaɗe da rariyar Inna. Ba ta sani ba tukuna. Taragai kuwa daga gwangwanin madara da na sardin. Kan jirgin na ciro masa ɗan inji daga tsohuwar rediyon kaset, da batiri zai yi tafiya.

Matsalar ita ce ni ban taɓa hawa jirgi ba. Sai ka gaya mini yadda yake. In ka ƙi, zan yi masa ƙaho da wutsiya, in ce wa mutanen Karaye kai ka kwatanta mini.

Ka gaida amaryata, ka ce ta ƙara haƙuri da kai, ina nan tafe.

Jikanka,
Salman


Gwangwan.

Zuwa ga Salman mara kunya.

Wa alaikumus salam. Ni ce Adama nake rubutawa, shi yana faɗa daga kan gado. Lafiyarmu lau, jiki da sauƙi, abinci ne dai sai an yi da gaske. Ka gaida Mairama da kyau.

Ya ce in gaya maka: Ja'iri, kai da ka taɓa sassaƙa dankali ka rina shi ka sa mini a cikin goro, kai ne za ka gina jirgi? Ban yarda da duk abin da ya fito daga hannunka ba. Ya ce jirgi ba abin wasan yara ba ne. Ya ce kuma in dai sai ka yi, taragon mutane tagogi gare shi a jere, da matakala a kowane ƙarshe. Na kaya ƙofa ɗaya ce babba a tsakiya, turawa ake yi gefe. Na shanu ana barin tsaga-tsaga a jikinsa don su sha iska. Ya ce kada ka jona na shanu kusa da na mutane, ko da yake kai duk wanda aka sa ka a ciki daidai ne.

Nan ya tsaya ya ce ya gaji.

Yanzu ni ce da bakina. Angona, wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun da ya kwanta. Takardarka da kansa ya karanta, ya ce shirme ce, ya tura ta ƙarƙashin matashi. Ka ci gaba da shirmen. Zanen Sallata kuma har yanzu shiru, wane irin miji ne kai?

Adama


Karaye, farkon Zulƙida.

Kaka Sulle,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya kwanciya? Na ji an ce gadon ma ya fara kawo ƙara. Allah Ya ƙara lafiya. Ruwa ya sauka a nan, kowa ya tafi shuka, shago ba ciniki sai gyaran garma. Inna lafiya, ta gano maganar rariya, na sha faɗa, ya wuce.

Ka ji inda aka kwana. Na yi tudu da takardar buhun siminti da sitaci, na huda shi jirgi yana shigewa ta ciki. Na yi gada a kan wani ɗan rafi da na shafa wa shuɗi. Ciyawa garin katako ne na rina kore, itatuwa busassun rassan sabara ne da na manna wa soso. Tasha ma tana nan, da rumfarta. Ranar da na fara sa batiri, jirgin ya tashi da gudu, ya ƙi shan kwana, ya sauka a kwanon tuwona. Ba a rasa rai ba. Na gane kwanar ce ta yi tsini, na kwance ashanar wajen kaf na sake shimfiɗa dogon a hankali. Yanzu yana zagayawa har batiri ya mutu.

Amma ba wannan ne babban labari ba. Na gama taragai uku yadda ka kwatanta, na mutane da na kaya da na shanu. Na shafa musu fenti suka fito fes. Sai na zauna ina kallo, na ga ba su yi kama da jirgi ba, sun yi kama da gwangwanin madara da ya ci kwalliya. Ana haka maigidana ya aike ni Kano sayen ƙarfe, hanya ta bi da ni ta wani wuri da aka jingine tsofaffin taragai da aka daina aiki da su. Ranar na fara ganin jirgi ido da ido. Kaka, ashe haka yake! Tsatsa ta gangaro daga rufi layi-layi, fenti ya ɓare, ƙafafu sun yi ja da ƙasa. Na yi ta tsayuwa har wani ya tambaye ni ko wani abu na yar. Sai na tuna tsofaffin cikin wayar ma haka suke yi, in sun gama gini sai su tsufar da shi da gangan don ya yi kama da na gaske.

Na dawo na zauna masa. Na jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan gishiri da tsamiya har ruwan ya yi jawur, na riƙa ɗigawa daga rufi da gashin kaza. Na dama tawada irin ta allo, na tsinka ta da ruwa, na kwarara musu, ta shige kowane lungu ta zauna. Baƙin tukunya a sama, jar ƙasa a ƙafafu da tsohon buroshin haƙori, ɗan baƙin mai a inda ake jona su. Na kankare fenti da bakin reza, na lotsa ƙofar na kaya kaɗan. In na yi wani wuri ya yi yawa, in goge in sake.

Ban taɓa zama wa wani aiki kamar wannan ba, har maigidana da ya gani ya ce wari kawai ya rage musu. Ga su nan na naɗe a tsumma, Kabir zai miƙa maka. A dangi kai ne farkon gani. Ka duba da kyau, ka gaya mini in ba haka jirginku yake ba.

Ka ce wa amarya zanenta yana wajen masaƙi, masaƙin kuma ba a haife shi ba tukuna.

Salman


Karaye, gab da babbar Sallah.

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Mu lafiya, gero ya fito, an fara noman farko.

Shiru ya yi yawa. Kullum Kabir ya shigo tasha sai na tare shi, ya ce ba a ba shi komai ba. Na ce ko saƙon bai isa ba, ya ce hannu da hannu ya ba Hajiya. Na ce yaya jikin tsohon, ya ce shi iyakarsa ƙofar gida.

Ko kyawun aikin ne ya ɗauke maka magana? In haka ne ka sha ruwa ka huta, sannan ka yaba. Ko kuwa kishi kake don amarya ta ga mijinta na gaske ya iya sana'a?

Kaka, bar ta wasa. In jikin ne ya tashi, a gaya mana, Inna ta fara damuwa. In kuma wani abu na yi, a faɗa mini. Ko zagi ne a aiko, zan karɓa hannu biyu.

Salman


Gwangwan.

Salman,

Wa alaikumus salam. Ka kwantar wa Mairama da hankali, ciwon bai ƙaru ba. Wannan takardar tawa ce ni kaɗai, bai san na rubuta ba. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa maka.

Ranar da saƙonka ya zo, shi ya kwance tsumman da hagu, yana murmushi yana cewa bari mu ga ƙaryar ja'iri. Da ya ga taragan sai murmushin ya ɗauke. Ya ɗaga na mutanen ya jujjuya shi, ya shafa rufin da yatsa ya duba yatsan. Ya karanta takardarka har ƙarshe. Sannan ya ce in ɗauke su daga gabansa. Ya ce, "Na san wasan jika. Wannan ba shi ba ne."

Salman, duk shekarun nan da kake tsokanarsa, ka taɓa tambayarsa aikin me ya yi a reluwe? Ba direba ba ne, ba mai yankan tikiti ba ne. Mai wankin taragai ne, daga baya aka haɗa masa da fenti. Jirgi ya shigo da ƙura da kashin shanu da tofin goro, su ne masu shiga da bokiti da tsintsiya da buroshi. Ina amarya a Zariya hannunsa kullum a tsattsage yake saboda soda, ni nake shafa masa man kaɗanya. Dangi suna ta yi masa gori wai ya bar gonar ubansa ya je yana wanke wa ƙarfe jiki. Wata rana ya sa na yi lulluɓi ya kai ni tasha, don kawai in ga fuskata a jikin taragon da ya goge. Ya ce, "Kin gani? Haka yake fita daga hannuna."

Yau kai ka aiko masa da su kamar ba a taɓa zuba musu ruwa ba, ka ce ya faɗa in ba haka jirginsu yake ba. Shi a wurinsa cewa ka yi bai tsinana komai ba a duniya. Na ce masa yaron nan bai sani ba. Ya ce wanda ya iya mai da dankali goro ya san abin da yake yi. Halinka ne ya ja maka, angona, yau ka yi da gaske an ƙi yarda.

Takardarka ta baya na miƙa masa ya ƙi karɓa. Ya koma fuskantar bango, ko 'yar maganar da ya fara ta tsaya. Taragan na ɗora su a kan kabad. Ban yi fushi da kai ba, amma ga halin da ake ciki.

Adama


Karaye.

Zuwa ga Kaka Sulle. Hajiya, in ya ƙi karɓa ki ajiye masa inda idonsa zai kai.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan sauƙi.

Kaka, yau babu wasa a takardar nan. Wallahi ban san aikinka ba, kuma kunya ta ishe ni da na kai wannan girman ban taɓa tambaya ba. Ni tun da na buɗe ido ban ga jirgi yana sheƙi ba. Wanda na gani a tsaye yake cikin ciyawa, shi na zaci jirgi, shi na kwaikwaya, na yi ta murna na iya. So na yi ka gani ka ce yaron nan ya yi abu ɗaya mai kyau a rayuwarsa. Ban san naka hannun nake takawa ba.

Na sha sa maka ƙwado a takalmi kana dariya. Wannan da ban nufa ba shi ya yi ciwo. Ka yafe mini don Allah.

Hajiya, a ba Kabir su ya dawo da su. Zan kankare su tas in sake fenti, in kuma ya ce kada ya sake ganinsu, shi ke nan. Tun da takardarki ta zo na rufe ƙyauren da buhu, ban ƙara sa batiri ba.

Salman


Gwangwan, cikin Muharram.

Salman,

Assalamu alaikum. Mun yi Sallah lafiya, da fatan ku ma haka. An gode da naman da Mairama ta aiko. Ka ga ban ba Kabir taragan ba, ga dalili.

Takardarka na ajiye a gefen gado. Ban ga sanda ya karanta ba, na dai ga ta canza wuri. Da safe na taka kujera zan sauko da su, sai na ji ya ce, "Ina za ki kai su?" Na ce mai su ya ce a mayar zai wanke. Ya ce, "Wannan yaron ne zai wanke tarago? Da me, da yawu?" Ya ce in kawo masa toka mai laushi, da lemun tsami, da tsumma, da tsinken tsintsiya.

Ka san ɗakin da duhu. Ya ce ba ya ganin lungunan, in matsar da shi bakin ƙofa. Da rana ta juya nan ma ya ce inuwa ta tare shi. Washegari da kansa ya ce a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Na riƙe shi muka fito. Na ɓoye murnata, don na san in na nuna zai koma.

Sai ga wata matsala. Hagu ba ta iya riƙewa kuma ta goge lokaci ɗaya. Na ce kawo in riƙe maka, ya ce mace ba ta taɓa riƙe masa tarago ba. Ya ɗauko daman da hagunsa ya ɗora a kan rufin ya danne. Taragon ya suɓuce ya faɗi. Ya zagi hannun kamar yana zaginka. Ya sake ɗorawa. Haka aka yi ta yi, yau ya suɓuce gobe ya suɓuce, har na ga yatsun sun fara lanƙwasawa suna kamawa.

Tawadarka da baƙin tukunya ba su ba shi wuya ba. Tsatsar ce ta ƙi. Ya yi ta dirza yana cewa, "Ja'irin nan tsatsar gaske ya yi, ba fenti ba ce." Ban sani ba ko zagi ne ko yabo. Ya aika Rogo aka sayo masa takardar goge ƙarfe da ɗan fenti, ya yi buroshi da gashin wutsiyar akuya. Lotsawar ƙofar ma ya buge ta da bayan cokali. Abinci kuwa ba sai na roƙa ba.

To amma jiya ya gama na ƙarshen. Ya jera su a kan tabarma suna ƙyalli, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To, aiki ya ƙare." Ya ce in naɗe tabarmar. Yau bai fito ba, hannun ya koma cinya. Zaure har yanzu bai leƙa ba, kuma bai ce ya yafe maka ba, bai ce bai yafe ba.

Ban san abin da zan ce ka yi ba. Na dai ga ya kamata ka sani.

Adama


Karaye.

Kaka Sulle,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Mu lafiya. Inna tana gaisuwa, kuma ta ce in rubuta a fili cewa babu hannunta a abin da ke cikin kwalin nan. Ta hana ni, ta ce in na sake ɓata maka rai ita da ni ne. Na ji, na kuma ɗaure kwalin.

Wancan karon ban san abin da na yi ba. Wannan karon na sani sarai, don haka in za ka yi fushi ka yi, na ɗauka.

Jirgi ne ya iso daga doguwar tafiya. Sababbin taragai ne, na mutane biyu, na shanu ɗaya, da na ɗaukar mai. Ka gan su nan, ba kyan gani. Na zuba tawada ban tausaya ba, na ƙara baƙin mai, ƙusoshina kuwa sun daɗe a jiƙe, ruwansu ya fi na da kauri. Na shanun har da ɗan abin da shanu ke bari, kada ka tambaye ni inda na samo. Fasinjoji sun taru a tasha sun ce ba za su hau ba sai an wanke. Na ce musu akwai wani tsoho a Gwangwan da aka ce ya iya, sai dai na ji ya ce aiki ya ƙare. Suka ce a ina aka taɓa jin aikin wanki ya ƙare alhali jirgi yana tafiya? Na ce ni ma abin da na gani ke nan.

In ba za ka iya ba ka faɗa, ba abin kunya ba ne, tsufa ne. Sai in kawo wa amaryata ta wanke da ruwan kwanuka.

Kaka, ina tsoron miƙa wa Kabir kwalin nan. Amma zan miƙa.

Jikanka,
Salman


Gwangwan.

Kai Salman,

Wa alaikumus salam. Ni ne Sulle. Rubutun ya karkace, ka karanta haka, in ka yi dariya Allah Yana gani. Jiki alhamdu lillahi. Ka gaida uwarka, ka ce babu ruwanta, ita 'yar kirki ce, ban san inda ta samo ka ba.

Kwalinka ya zo. Na san abin da kake nufi, kada ka zaci ka yi mini wayo. Kai da Adama bakinku ɗaya.

Abin da ya ba ni haushi wannan karon daban ne. Ko datti ba ka iya ba. Ka ce jirgi ya iso daga tafiya, ka kuma zuba masa tsatsa daga rufi. Wannan ta taragon da aka yasar ce. Tarago mai tafiya daga ƙasa ƙurarsa take tashi, ta yi kauri a ƙafafu, ta yi sama tana raguwa, kuma baya-baya take kwanciya yadda iska ta share ta. Maiƙo a inda ƙafa ke juyawa yake. Na mutane a bakin taga da wajen riƙo yake baƙi, saboda hannu. Na shanu daga tsagar yake zubowa. Na mai daga murfin sama. Haka suke zuwar mini, na fi kowa sanin fuskarsu. Ai da ba sa zuwa da datti da ban ci abinci ba.

Na mutanen ɗaya na gama. Tsakar gida hayaƙin girki ya dame ni, na sa an share zaure na koma can. Malam Zubair maƙwabcina yana zuwa wai zai taya ni, surutu kawai yake, jiya har mutum ya cika ana musu a kan na shanun. Sun ce ba su yarda jirginka yana tafiya ba.

Saboda haka kada ka ƙara ba Kabir. Ka ɗauko ƙyauren gaba ɗaya da kanka, da tudun da gadar da batirin, akwai wuri a zaure. Ka zo da ragowar wayar keke da ashana, za ka fitar mini da reshen dogo a gefen tasha inda tarago zai tsaya a wanke shi. Ban taɓa ganin tasha ba wurin wanki ba sai taka.

Maganar yafiya, na yafe, kada ka ɗauka sabo ne.

Ka taho da tawadarka da ƙusoshinka. Ka zauna a wancan ƙarshen kana ɓatawa yadda zan koya maka, ni ina wannan ƙarshen ina karɓa. Mu ga wanda zai fara gajiya.

Kakanka,
Sulle